Shinji Ono, ɗan wasan Japan da ya taka leda a Kano da Bauchi: tambayoyi da amsoshi

Wane ne Shinji Ono?

Tsohon ɗan wasan tsakiya ne na ƙasar Japan. An haife shi ranar 27 ga Satumba, 1979 a garin Numazu da ke lardin Shizuoka, yankin da a Japan aka sani da haukar ƙwallo. Ya fara wasa a matakin ƙwararru a 1998 da ƙungiyar Urawa Red Diamonds, bai ajiye ba sai ƙarshen 2023, yana da shekara 44. A tsakanin nan ya buga wa Feyenoord ta Holan, da Bochum ta Jamus, da Western Sydney Wanderers ta Ostireliya, da wasu ƙungiyoyi uku na gida: Shimizu S-Pulse, Consadole Sapporo da FC Ryukyu. Ya sa rigar babbar tawagar ƙasarsa sau 56, ya ci mata ƙwallo 6, ya je gasar cin kofin duniya sau uku. Mutanensa suna kiran sa Tensai, abin da a bakinmu za a ce mai baiwa, ko gwani na gwanaye.

Da gaske ya buga wasa a Kano?

Ƙwarai kuwa. A watan Afrilun 1999 Nijeriya ta karɓi baƙuncin gasar cin kofin duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20, wadda har gobe ake kira Nigeria 99, kuma Ono ne kyaftin ɗin Japan. Rukuninsu ya haɗa da Kamaru, da Amurka, da Ingila, aka raba wasanninsa tsakanin Kano da Bauchi. Wasansu na farko a filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata aka yi shi, da Kamaru. Japan ce ta fara jefa ƙwallo a raga ta ƙafar Naohiro Takahara, amma kafin a tashi Kamaru ta farke ta ƙara, aka tashi 2-1.

Daga nan suka tattara suka nufi Bauchi, kuma filin Abubakar Tafawa Ɓalewa ya karɓe su. Sun doke Amurka 3-1, suka doke Ingila 2-0, inda Ono da kansa ya ci ta biyu. Ingilar nan, da Ashley Cole da Peter Crouch a cikin tawagarta, haka ta koma gida ko ƙwallo ɗaya ba ta ci ba. A zagaye na biyu, nan Bauchin dai, Japan ta yi kunnen doki 1-1 da Fotugal, ta fitar da ita a bugun fenareti. Sai Ibadan, inda suka ci Meziko 2-0, Ono ya sake jefa guda. Sai Legas, inda suka ci Yurugwai 2-1 suka kai wasan ƙarshe. Kafin wannan rana babu wata tawagar Japan da ta taɓa kaiwa wasan ƙarshe a gasar FIFA.

Duk wanda ya samu shiga fili a Kano ko Bauchi a waɗannan ranaku, ya ga abin da Turawan Holan da Jamus ba su samu gani ba: Ono da gwiwarsa lafiya lau. Zan dawo kan wannan.

To me ya faru a wasan ƙarshen?

Bai buga ba. Ya karɓi katin gargaɗi na biyu a wasan Yurugwai, doka ta hau kansa, ya zauna yana kallo. Sifaniya, wadda Xavi ke juya mata tsakiya, ta lallasa Japan 4-0 ranar 24 ga Afrilu a Legas. Ba zan ce da Ono ya buga da Japan ta ɗauki kofi ba, don Sifaniyar ta wannan shekara ta fi ƙarfin kowa. Amma ƙungiyar da aka cire wa mai riƙe mata ƙwallo kamar gidan biki ne da aka ɗauke makaɗi. An dai sa shi cikin gwarazan 'yan wasan gasar, shi da abokinsa Masashi Motoyama. Kyautar gwarzon gasar kuwa Seydou Keita na Mali ne ya tafi da ita, Malin da ta yi waje da Nijeriya da ci 3-1.

Wa ya horar da su a lokacin? Na ji an ce tsohon kocin Super Eagles ne.

Shi ne, Philippe Troussier, Bafaranshen da a Afirka ake wa laƙabi da farin boka. Ya horar da ASEC Mimosas ta Kwaddibuwa, ya riƙe Super Eagles a 1997 har ta samu gurbin zuwa kofin duniya na Faransa, ya kai Burkina Faso wasan kusa da na ƙarshe a gasar Afirka ta 1998, ya jagoranci Afirka ta Kudu a kofin duniya na wannan shekara, sannan Japan ta ɗauke shi. Saboda haka lokacin da ya kawo yaran Japan Nijeriya, gida ya dawo. Ya san zafin Afrilu a Arewa, ya san yadda ake ɗauke wuta. Tun kafin gasar ma sai da ya kai su Burkina Faso atisaye don jikinsu ya saba. Mutum ne mai tsawa da zafin rai, amma a hannunsa wannan zubin na 'yan 1979 da farkon 1980 ya nuna: Ono, Junichi Inamoto, Yasuhito Endo, Mitsuo Ogasawara, Takahara, Koji Nakata. Endo ma daga baya shi ya kafa tarihin yawan buga wa Japan wasa, sau 152.

Yaya ya fara, har ya je kofin duniya yana ɗan shekara 18?

A Japan ƙwallon makarantun sakandare babban abu ne, ana nuna shi a talabijin, kuma sunan Ono ya fita tun yana makarantar koyon kasuwanci ta Shimizu. Ya riga ya wakilci ƙasarsa a gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 a 1995. Da ya gama makaranta ƙungiyoyi suka yi ta rububinsa, ya zaɓi Urawa. A kakarsa ta farko, 1998, ya ci ƙwallo 9, aka ba shi kyautar gwarzon sabon ɗan wasa, aka kuma sa shi cikin 'yan wasa 11 mafi ƙwazo na gasar J.League.

Koci Takeshi Okada ya fara sa shi a babbar tawaga a watan Afrilun 1998, a wasa da Koriya ta Kudu. Da aka zo fitar da sunayen masu zuwa Faransa, Okada ya ajiye Kazuyoshi Miura, wanda ake kira Sarki Kazu, tauraron ƙasar gaba ɗaya, ya bar yaron nan ɗan 18 a ciki. An yi ta ce-ce-ku-ce. Ono ya shiga fili sau ɗaya, mintuna kaɗan a ƙarshen wasan da Jamaika ta ci Japan 2-1 a birnin Lyon. Ƙwallon ta zo masa, ya zura ta tsakanin ƙafafun mai tare shi, ya ɗirka da hagu. Ba ta shiga ba, amma an gane cewa yaron ba ya jin tsoron taro.

Wane irin ɗan wasa ne? Me ya sa ake ce masa mai baiwa?

Taɓawar farko. Komai ƙarfin da ƙwallo ta zo da shi, in ta sauka a ƙafarsa sai ta kwanta kamar an shimfiɗa mata tabarma. Na biyu, ƙafafunsa duka biyu ɗaya suke, ba ka iya cewa ga ta cin tuwo ga ta taimako. Na uku, kafin ƙwallo ta iso shi ya riga ya leƙa ya san inda kowa yake, shi ya sa yawancin fasin ɗinsa taɓawa ɗaya ce. Kuma fasin ne mai laushi, wanda ke isa ga ɗan gaba a daidai ƙafar da yake so, a daidai gudun da yake yi, ba sai ya tsaya gyara ba.

Ba mai gudu ba ne, ba kuma mai yawan yanka ba. In kana cikin masu auna ɗan wasa da yawan ƙwallayen da ya ci, Ono zai ba ka kunya: ƙwallo 19 a wasannin lig 112 da ya yi wa Feyenoord ba abin buga ƙirji ba ne. Irinsa sai ka kalli wasa daga farko zuwa ƙarshe kafin ka ga aikinsu, ba a guntun bidiyon minti biyu da ake turawa a WhatsApp ba. Masu tunawa da Jay-Jay Okocha su cire yanka da wasa da hankalin 'yan baya, su bar sarrafa ƙwallon da murmushin, to sun kusa.

Wane rauni ne ake cewa ya canja rayuwarsa?

Watan Yulin 1999, wata uku kacal bayan Bauchi da Legas. Japan na buga wasan neman gurbin zuwa gasar Olamfik ta Sidni da ƙasar Filifin, wasan da ko ba Ono Japan za ta ci da tazara mai yawa. Wani ɗan wasan Filifin ya shigo masa da mugun tari, jijiyar gwiwarsa ta hagu ta tsinke. Ya shafe watanni yana jinya. Urawa, da ta rasa shi, ta faɗa rukuni na biyu a ƙarshen wannan shekara. Ya zauna ya taimaka mata ta dawo a 2000, amma Sidnin da aka ji masa ciwo dominta bai je ba.

Abin da ya fi gwiwar ciwo shi ne abin da ya biyo baya. Shi kansa ya sha faɗa a hirarraki cewa bayan wannan rauni ganin fili da yake yi a da, inda komai ke bayyana masa tun kafin ya faru, bai dawo masa yadda yake ba. Daga nan kuma jiki ya buɗe ƙofa: idon sawu, tafin ƙafa, tiyata bayan tiyata. A ganina duk wata muhawara kan Ono a nan take farawa. Mutumin da ya ci kofin Turai, ya zama gwarzon Asiya, da ragowar baiwarsa ya yi.

Mene ne babban abin da ya cimma a Turai?

Kofin UEFA na 2002. Ya koma Feyenoord a tsakiyar 2001, bayan ya taimaka wa Japan ta kai wasan ƙarshe a gasar zakarun nahiyoyi, inda ya ci Kanada da bugun tazara. Koci Bert van Marwijk ya ja da shi baya kaɗan, ya zama mai raba ƙwallo daga tsakiya. A kakarsa ta farko ƙungiyar ta fitar da Freiburg, da Rangers, da PSV, da Inter Milan, sai ga ta a wasan ƙarshe da Borussia Dortmund, kuma aka yi sa'a a filinta na De Kuip da ke Rotterdam aka tsara yin wasan, ranar 8 ga Mayu.

An kori Jürgen Kohler na Dortmund da jan kati a wasansa na ƙarshe a duniyar ƙwallo, Pierre van Hooijdonk ya ci wa Feyenoord biyu kafin hutun rabin lokaci. Da aka dawo Amoroso ya rage ɗaya da fenareti, Dortmund ta taso da mutum goma kamar an ƙara mata mutum, filin ya yi tsit. Mintuna uku bayan haka ƙwallo ta kuɓuce a tsakiya tana tsalle. Wani zai tsaya ya tare ta ya duba. Ono bai tare ba, ɗaga ta ya yi da taɓawa ɗaya ta bi ta saman 'yan bayan Dortmund, ta sauka gaban Jon Dahl Tomasson, shi kuma ya narka ta a raga. Jan Koller ya sake ragewa, aka tashi 3-2. Ƙwallon Tomasson ɗin ita ta raba gardama.

Da wannan Ono ya zama ɗan Japan na farko da ya ɗauki kofin nahiyar Turai, kuma sai bayan shekara 20 Makoto Hasebe da Daichi Kamada suka maimaita da Eintracht Frankfurt a 2022. Cikin abokan wasansa a wannan dare akwai Bonaventure Kalou na Kwaddibuwa, da Christian Gyan na Gana, da wani matashi mai suna Robin van Persie. A ƙarshen shekarar aka zaɓe shi gwarzon ɗan ƙwallon Asiya.

Me ya sa bai koma wata babbar ƙungiya ba, kamar a Ingila ko Sifaniya?

Jiki. Shekarunsa na ƙarshe a Rotterdam rabi a fili rabi a ɗakin jinya ya yi su, har da karaya a ƙafa a 2005. Babu ƙungiyar da za ta zuba kuɗi kan mutumin da ba ta san ko zai kai ƙarshen kaka ba. A watan Janairun 2006 ya koma Urawa.

Yaya rawar da ya taka a kofin duniya na 2002 da na 2006?

A 2002, da Japan da Koriya ta Kudu suka karɓi baƙunci, Troussier ya riga ya ba Hidetoshi Nakata kujerar mai tsara wasa, sai ya tura Ono gefen hagu, wurin da ke buƙatar gudu sama da ƙasa, abin da ba nasa ba. Ga shi kuma ciwon ciki ya kwantar da shi dab da fara gasar. Duk da haka ya buga wasanni huɗun duka. A wasan farko da Beljiyam, ana cin Japan ɗaya, shi ya ɗaga doguwar ƙwallo daga baya wadda Takayuki Suzuki ya miƙa ƙafa ya tsokane ta shiga, aka tashi 2-2. Suka ci Rasha 1-0, suka ci Tunisiya 2-0, Turkiyya ta fitar da su da ci ɗaya mai ban haushi.

Ta 2006 kuwa ba ya son tunawa da ita. A Kaiserslautern, Japan na gaba da Ostireliya 1-0, saura minti goma sha ɗaya, koci Zico ya cire ɗan gaba ya sa Ono. 'Yan wasan cikin fili ba su gane saƙon ba: a riƙe ƙwallo ne ko a nemi ta biyu? Tim Cahill ya ci biyu, John Aloisi ya ƙara, aka tashi 3-1. An ɗora masa laifi mai yawa a gida. Ni dai ban ga adalci a nan ba. Ƙungiyar da ta gaji, ake yi mata ruwan ƙwallo ta sama, mai tsaron baya ko mai gudu take buƙata, kuma ba Ono ne ya zaɓi kansa ba. Bai sake shiga fili a gasar ba.

Ya taɓa haɗuwa da tawagogin Afirka bayan Nigeria 99?

Ban da Tunisiya, akwai Gana a gasar Olamfik ta Atina a 2004, inda ya je a matsayin ɗaya daga cikin manyan da doka ta yarda a ƙara wa matasa. Japan ta riga ta fita bayan shan kashi a hannun Faragwai da Italiya, amma ta ci Gana 1-0 a wasan ƙarshe na rukuni, ta ja ta suka fita tare. Mutanen Kumasi da Tamale da suka kalli wasan ba za su gode masa ba.

Tsakaninsa da Nakata da Nakamura, wa ya fi?

Tambayar gidan kallo ke nan, wadda ba ta ƙarewa sai an kashe janareta. Hidetoshi Nakata ya fi su ƙarfin jiki da taurin zuciya, ya ci gasar Italiya da Roma a 2001, ya yi ritaya yana ɗan 29. Shunsuke Nakamura ya fi su ƙafar hagu da bugun tazara, magoya bayan Manchester United sun san abin da ya yi musu da rigar Celtic. In ana maganar abin da aka tara a kabad, waɗannan biyun ba sa bayan Ono. In kuwa ana maganar wanda Allah ya ba ƙwallo a ƙafa tun daga haihuwa, tsararrakinsa da yawa shi suke nunawa, kuma ni ma can na karkata. Zico ya so ya haɗa su duka uku da Inamoto a tsakiya ɗaya, sai dai da wuya ka samu ranar da huɗun suke lafiya lokaci guda.

Bayan ya dawo daga Holan fa?

Ya tarar da Urawa ta zama babbar ƙungiya mai kuɗi da taurari. A 2006, ƙarƙashin Guido Buchwald, suka ci gasar J.League karo na farko a tarihinsu, suka haɗa da Kofin Sarki. A 2007 suka ci kofin zakarun Asiya bayan doke Sepahan ta Iran. Sai dai Ono ba kullum yake cikin sha ɗayan farko ba. Ya sake gwada Turai da Bochum daga farkon 2008 zuwa farkon 2010, rauni bai bar shi ya sake ba, ya dawo lardinsu ya buga wa Shimizu S-Pulse.

Me ya kai shi Ostireliya, ƙasar da ta ba shi baƙin ciki a 2006?

A 2012 aka kafa sabuwar ƙungiya a yammacin Sidni, unguwannin ma'aikata da baƙin haure, aka ba Tony Popovic horarwa, mutumin da ya taɓa wasa a Japan. A wannan kaka Sydney FC ta kawo Alessandro Del Piero, Newcastle Jets ta kawo Emile Heskey, Wanderers kuma ta ɗauko Ono yana ɗan 33. Ƙungiyar da aka haɗa cikin 'yan watanni ita ta ƙare a saman teburi a kakarta ta farko. A wasan kusa da na ƙarshe da Brisbane Roar, Ono ya karɓi ƙwallo a wajen da'ira, ya hango mai tsaron gida ya ɗan fito, ya lanƙwasa ta da hagu ta bi ta samansa ta faɗa kusurwa. Sun sha kashi a wasan ƙarshe a hannun Central Coast Mariners, a shekara ta biyu ma Brisbane ta ci su a wasan ƙarshe. Ya bar su a tsakiyar 2014 bayan ya taimaka sun fitar da Sanfrecce Hiroshima a gasar zakarun Asiya, kuma a watan Nuwamba suka ɗauki kofin a kan Al Hilal ta Saudiyya, ba ya nan.

Me ya sa ya ci gaba har shekara 44, da irin wannan jikin?

Son ƙwallo, ba na jin akwai wata amsa da ta wuce wannan. A 2014 ya tafi Consadole Sapporo, can tsibirin Hokkaido a ƙurewar arewa inda ƙanƙara ke rufe gari watanni, ƙungiyar kuma tana rukuni na biyu. Filinsu ma abin kallo ne: rufaffe ne, ciyawar a waje take shan rana, sai ranar wasa a turo ta ciki gaba ɗayanta. A 2016 suka ci rukunin suka hau na ɗaya. A 2019 ya sauka ƙurewar kudu, Okinawa mai zafi, ya buga wa FC Ryukyu, a 2021 ya sake komawa Sapporo. A waɗannan shekarun mintunan da yake bugawa ba su da yawa. Yawancin aikinsa a filin atisaye yake, inda yaran da aka haifa bayan Nigeria 99 suke koyon yadda ake tarar ƙwallo daga wurinsa.

Yaushe ya yi ritaya, kuma yaya wasansa na ƙarshe ya kasance?

Lamba 44 yake sawa a Sapporo. Ranar 27 ga Satumba, 2023, ranar da shekarunsa suka yi daidai da lambar da ke bayansa, ya sanar cewa ƙafafunsa sun nemi hutu, zai ajiye a ƙarshen kaka. Jadawali kuma ya zo da abin mamaki: wasan ƙarshe na kakar, ranar 3 ga Disamba, a gida ne, kuma da Urawa, ƙungiyar da ya fara da ita shekara 25 baya. Aka fara wasan da shi. Ya yi minti ashirin da 'yan kai, ya raba fasin ɗinsa na taɓawa ɗaya, sannan aka ɗaga allon canji. 'Yan wasan ɓangarorin biyu suka bar wurarensu suka jeru, ya bi ta tsakaninsu ya fita, magoya bayan Sapporo da na Urawa duk suna tsaye. Urawa ce ta ci wasan, 2-0.